'Yar Sharar Babana da Tankin Sanyi

A Sanaiya suka sauke ni. Unguwar gareji ce da rumbunan kaya a bayan Doha, can ake zuba ma'aikata. Ɗakinmu gadajen ƙarfe ne, wani bisa wani. Wanda ya kawo ni ya ce aikin jirgin kamun kifi zan yi. Ban ga kifi ba. Ya karɓi fasfona ya miƙa wa wani, ya ce wannan ne kafil ɗina, zamana a ƙasar yana hannunsa. Daga ranar ban ƙara ganin wanda ya kawo ni ba.

Sunana Audu, mutumin Yawuri, Basarke. Ban yi makaranta ba. Ruwa na sani. Tun ina yaro nake nutso a kogin Kwara, in kwance taru idan ya maƙale a itacen ƙasan kogi, in ɗauko gawar wanda kwalekwale ya kife da shi. Da kafil ya ji haka sai ya tura ni wajen masu nutso. Aikinsu kankare gindin jiragen ruwa. Suka koya mini goya tukunyar iska da shaƙa ta robar baki. Ban sha wahala ba. Ruwan tekun nan gishiri gare shi, amma da ɗumi, kamar an sirka maka ruwan wanka.

Abu ɗaya na zo da shi daga gida wanda ya fi komai. 'Yar shara ce ta saƙi, ta auduga zalla, ta babana. Da ita ya yi nutso duk rayuwarsa, kuma a kan tabarmarsa ya cika, ruwa bai ci shi ba. A wajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inna ta ba ni ita ta ce kar in shiga ruwa sai tana jikina. Ban taɓa saɓawa ba. Abokan aiki suna dariya idan sun ga ina cusa ta ƙarƙashin kayan roba.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Baba Isa. Dattijo ne daga Zangon Kumasi. A da can shi ma mai nutso ne, kunnensa ya fashe, aka mayar da shi riƙon igiya. Duk mai nutso akwai igiya ɗaure a ƙugunsa, wani yana sama yana riƙe. Ja ɗaya, lafiya lau. Ja barkatai, fito da ni. Baba Isa ba ya sa safar hannu. Ya ce da fatar hannu ake jin maganar igiya.

“Bayawuri,” haka yake kirana, “rigar nan ta girme ka. Kana gaishe ta da safe kuwa?”

“Ita ke gaishe ni, Baba.”

Haka muka zauna har zafi ya kama. Zafin Doha ba a kwatanta shi. Ƙarfe idan ya wuni a rana ba ya taɓuwa.

A cikin wannan zafin ne mudir, shugaban aikinmu, ya ce an sami sabon aiki, kuma ba a teku ba. Aka kai mu wani gini marar taga, injuna na ta ruri. Nan ake sanyaya ruwa, a tura shi ta bututai a ƙarƙashin ƙasa, shi ke sanyaya dogayen benayen garin. A bayan ginin akwai tanki, ya fi masallacin Juma'ar garinmu girma. Cike yake da ruwan nan. Wani abu ya toshe bakin bututun da ke can ƙasa. Ba za su zubar da ruwan ba, don benaye za su dafe da mutane a ciki. Sai dai a tura mutum.

Mudir ya dube mu. Kowa ya dubi ƙasa. Ya nuna ni.

Ya buɗe akwati ya fito da wata riga baƙa mai haɗe da wando da takalmi. Tana da roba mai matse wuya da wuyan hannu, da zif a baya wanda sai wani ya ja maka. Ya ce ruwa ba ya shiga cikinta ko ɗigo. A ƙirji akwai maɓalli, ka danna iska ta shiga. A kafaɗa akwai inda iskar ke fita. Sun gwada mini ita a bakin teku har hannuna ya saba. A cikin akwatin akwai wata rigar ciki mai kama da katifa, tana wari, kuma ta ɗan ƙaramin mutum ce, ba ta wuce mini gwiwa ba. Mudir ya wurgar da ita gefe ya ce in sa duk abin da nake da shi mai kauri.

Ni a tunanina, ruwa ne ke kawo sanyi. Tunda ruwa ba zai taɓa ni ba, ina sanyi zai bi? Baba Isa ma bai taɓa shiga ruwan sanyi ba. Ya ce in ninka kaya kawai. Na sa 'yar sharar babana a jikin fata, na ɗora rigar sanyi ta auduga da wandonta.

A ƙasa suka shirya ni, suka ja zif. Sannan na hau matakalar ƙarfe zuwa saman tankin, rana tana tsaka. Kafin in kai sama zufa tana gangara mini har cikin takalmi. 'Yar sharar ta jiƙe sharkaf tun ban taɓa ruwa ba. Ban damu ba. Ai kullum a jiƙe take aiki.

A saman akwai ƙofa kamar bakin rijiya. Na leƙa. Baƙi ƙirin, wani huci mai sanyi yana tasowa. Na yi bisimilla na sauka.

Fuska ya fara kamawa, inda hula ba ta rufe ba. Kamar an mare ni da faranti. Na daure. Na ci gaba da sauka da fitila a hannu. Ba kifi, ba ciyawa, ba motsi. Kogi ko da dare yana da rai. Wannan ruwan ba shi da shi. Rigar ta fara matse ni, na danna maɓalli, ta saki.

Sai na ji bayana. Kamar wani ya ɗora mini tafin hannu na ƙanƙara tsakanin kafaɗu. Hannun ya bazu, ya zagayo ƙirji, ya kama ciki. Duk inda 'yar sharar ta taɓa, nan sanyin yake. Na ɗauka rigar ta huje. Na lalluba, ba huji. Jikina ya fara kaɗawa. Haƙorana suna cizon robar baki har na ji tsoron za ta suɓuce.

Na kai ƙasa. Na ga bakin bututun da ragar ƙarfe a kansa, wani abu fari ya manne. Na kai hannu. Yatsuna suka ƙi. Ina kallonsu, ina ce musu ku kama, ba sa ji. Fitilar ta faɗi, tana lilo a igiyarta.

Na san lokacin ja ya yi. Na nemi igiyar ƙuguna. Na same ta, amma hannun ya kasa dunƙulewa.

Na tuna gawawwakin da na ɗauko a Kwara. Yadda suke da nauyi. Yadda nake kama su ta baya don kar in ga fuska. Na ce yau wa zai kama ni ta baya?

Daga nan kaɗawar ta tsaya. Na ji daɗi, na ji barci. Na daina tsoro. Har yau idan na tuna, wannan wurin ne ke tayar mini da tsigar jiki.

An ce Baba Isa ya ja sau ɗaya yana tambaya, bai ji amsa ba. Ya ƙara, shiru. Mudir ya ce a ɗan jira, wataƙila ina aiki ne. Baba Isa bai jira ba. Ya fara jawo ni shi kaɗai, a hankali yadda ake yi, ni da tukunya da dalmar da ake ɗaura mini a ƙugu don in nutse, kafin sauran su kama masa. Sun cire mini baƙar rigar da ta sanyin, amma an ce na rungume 'yar sharar na hana. Sai suka naɗe ni da bargo a kanta suka sa ni a mota.

A asibiti na dawo hayyacina. Murya na fara ji, ta mace, da Hausa.

“Ɗan'uwa, kana ji na? Buɗe ido.”

Na ɗauka na mutu an mayar da ni gida. Na buɗe. Nas ce, baƙa, gajeriya, da ɗan gicciye a wuya. Almakashi ne a hannunta. Kafin in gane, na ji ƙarar yanka daga wuyana har cibiya.

Na so in tashi, jiki ya ƙi. Bakina kaɗai ya motsa.

“Wa ya ce ki taɓa?”

“To, ya yi magana,” ta ce, ba ta ko dube ni ba. Ta zare rigar ta jefa a roba, ta lulluɓe ni da bargo mai ɗumi. “Ka yi faɗan da kyau, yana kawo zafin jiki.”

Sunanta Sista Rifkatu, mutuniyar Filato. Da na iya zama ta kawo mini shayi. Na ƙi kallonta.

“Rigar babana ce,” na ce. “Ita ke tsare ni.”

“Allah ya jiƙansa. A wane ruwa ya sa ta?”

“Kwara.”

“To, Malam Audu, nan ba Kwara ba ne. Mu sanyi ne ya raine mu. A garinmu idan ruwan sama ya doki mutum a gona, abin da ake fara yi a cire masa rigar auduga. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta manna maka shi a fata. Baƙar rigar nan taku ba ta ɗumama kowa, ruwa kawai take tarewa. Abin da ke ƙarƙashinta ne ke riƙe ɗumi. Kai kuma ka shiga da naka ruwan, ka kulle kanka da shi.”

Na san inda hannun ƙanƙarar nan ya kama ni.

Mudir ya zo ya tsaya a bakin gado. Ya ce alhamdulillahi. Sannan ya ce aiki bai ƙare ba, rigar kuma ni kaɗai na iya ta. Idan na warke, yalla, wato maza in koma. Idan na ƙi, zai gaya wa kafil, shi ke nan, sai filin jirgi. Sista Rifkatu ta bi shi waje. Ban ji abin da ta ce ba, na dai ji muryarta ta fi tasa. Da ta dawo ta ce ya yarda kamfani zai saya mini kayan ciki na kirki.

“Ba kaya ne damuwata ba,” na ce.

“Na sani,” ta ce.

Na koma Sanaiya. Na kasa zama a ɗaki saboda na'urar sanyi. Sai in fita in zauna a jikin bango cikin rana, mutane suna kallona kamar mahaukaci. Ruwan firji idan ya taɓa mini haƙori sai in ture kofin. Na yi tunanin gida. Na yi tunanin in sauka a tashar Yawuri da jaka ɗaya, a ce ɗan wane ruwa ya kore shi. Na yi tunanin bakin rijiyar nan. Duk wanda na auna, ɗayan ya fi shi muni. Abin da ya fi ci mini rai, zan shiga ba rigar babana. Ban taɓa ba.

Ranar hutunta Sista Rifkatu ta ce mu same ta a unguwar Bin Mahmud, inda take zaune. Na je da Baba Isa. Hannayensa duka biyu a naɗe da bandeji. Na tambaya, ya ce shayi ne ya zubo masa. Ta kai mu wani shago na kayan teku.

Mai shagon ya dube ni sama da ƙasa. Ya shiga ciki ya fito da riga da wando masu kauri, masu laushi. Ya ce wannan lamba ɗaya ce. Na taɓa, ta yi mini. Sista ta juya wuyan rigar ta karanta ɗan ƙyallen da ke ciki.

“Auduga ce. Ya ga baƙauye ya ɗauko abin da ya kasa sayarwa.”

“Ta fi waccan kauri,” na ce. Wadda ta zaɓo siririya ce, kamar fatar albasa.

“Kawo hannayenka.”

Ta ɗora mini hannun rigar da mai shagon ya kawo a bayan hannun dama, siririyar a hagu. Ta buɗe gorar ruwanta ta tsiyaya a kan kowacce. Mai shagon ya fara ihu. Ta ce da shi wani abu da Turanci ya yi shiru. Ta ja ni gaban na'urar sanyi ta ce in tsaya.

Ban daɗe ba. Hannun dama ya fara. Hannun ƙanƙarar nan ne na cikin tanki, shi ne dai, ƙarami. Na fizge na yar da rigar. Na hagu kuwa da danshi, amma ba ya cizo.

“Ulu ne,” ta ce. “Gashin tunkiya. Ko ya jiƙe ba ya juya maka baya. Shi za ka sa a jikin fata, ya kama ka sosai, kar ya yi lilo. Sannan ka ɗora mai kauri.”

Masu kaurin riga da wando ne a haɗe, cikinsu gashi-gashi kamar bargo. Na nuna wadda ta fi duka kauri. Da akwai wadda ta fi ta, ita zan nuna. Na shiga ciki da ƙyar. Baba Isa ya kwashe da dariya.

“Ga ragon layya! Sista, nawa za a bar mana shi?”

“Baba, ba na son wasa.”

“Ni ma ba wasa nake ba. Taɓa ƙirjinka, wajen maɓalli.”

Na kai hannu, da ƙyar ya isa.

“Kafaɗa.”

Bai kai ba.

“Yi ruku'u.”

“A shago?”

“Yi mana. Rigar da ba ka iya salla da ita, ba ka iya aiki da ita. Ga shi kuma iska za ta cika ta, sai mun ɗaura maka dalmar da za ta karya maka ƙugu kafin ka nutse.”

Na sunkuya, ta shaƙe ni a wuya. Na cire. Muka gwada mai bi mata. Na yi ruku'u, na durƙusa, na kai goshi ƙasa, na taɓa kafaɗa. Ba inda ta ja ni, ba inda ta yi jaka. Ita muka ɗauka, da safar ulu mai tsawo.

A bakin shagon Sista Rifkatu ta ciro leda daga jakarta. 'Yar sharar ce. Ta wanke ta, ta goge, gida biyu, don ashe har baya ta yanka.

“Ban ce ka yafe mini ba,” ta ce. “Gobe ma aka kawo ka da ita, zan yanka.”

“Na gode, Yaya,” na ce. Iyakar abin da ya fito ke nan.

Ranar komawa Baba Isa ya kafe sai da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi. Ya kafe kuma a sama za a shirya ni, a inuwar kwali, kar a ja zif sai zan shiga. Mudir ya yi ta yalla, yalla. Baba Isa ya juya masa kunnen da ya mutu.

Na hau da ledar a hannu. Niyyata in naɗe rigar in cusa ta a ciki, a saman kayan, ko ba ta taɓa fata ba a ce tana tare da ni. Ban gaya wa kowa ba. Na sa ulun, na sa mai kaurin. Baba Isa yana mini fifita da kwali don kar in yi zufa.

Sai ya ajiye kwalin ya fara kwance bandejinsa da haƙori.

“Me kake yi, Baba?”

“Yana santsi. Ba na jin igiya da shi.”

Ya buɗe hannayen. Ba ƙunar shayi ba ce. Layi ne ya ratsa kowane tafi, fatar ta saɓule, naman ja, bai gama haɗewa ba. Igiyata ce ta yi masa haka.

Na dubi hannayen. Na dubi bakin tankin. Idan na sake kasa ja, waɗannan ne za su ɗauko ni. Kuma ba za su iya ba.

Na buɗe ledar. Saƙi ba ya santsi, ko ya jiƙe. Na kama hannunsa na dama na naɗa masa rabi, na bar yatsun a waje. Na naɗa ɗaya rabin a hagu. Na ɗaure.

“Bayawuri, ka tabbata?”

“Ja zif, Baba.”

Na sauka. Sanyin ya mare ni a fuska kamar wancan karon. Ina sauka ina jiran hannun nan a bayana. Na danna maɓalli, iska ta shiga, na ji ta zauna cikin gashin rigar. Na jira. Bai zo ba. Na ƙara sauka, ina motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ina tambayarsu. Suna amsawa.

Abin da ya toshe ragar wata babbar leda ce mai kauri, irin ta rufe kaya. Na sa wuƙa na yanka gefe, na kama na ja. Ta ƙi. Na taka ragar na ja da ƙarfi. Ta saki gaba ɗaya, ta taso ta rufe ni, kai da fitila da komai.

Duhu. Abu yana manne mini a fuska. Na buga hannu, ta ƙara nannaɗe ni. Numfashina ya rikice, ina zuƙar iska kamar mai gudu. Na ce shi ke nan, na shigo ba riga, ga sakamakon.

Sai na ji igiya a ƙuguna. Ja ɗaya. Tambaya.

Na kai hannu. Ya dunƙule. Na riƙe igiyar kawai, ina jin nauyin wanda ke can sama. Na tsaya haka har numfashin ya daidaita. Sannan na ja sau ɗaya. Na lallubi bakin ledar a hankali, na zare ta daga kaina, na naɗe ta na ɗaure a ƙugu. Na haska ragar. Fes.

Da na fito rana ta fara zafi. Suka buɗe zif. Na sa hannu a bayana, ɗumi. Mudir ya ɗaga ledar yana ta waya. Baba Isa yana zaune a kan bokiti, hannayensa a kan gwiwa. Jini ya ɓullo ta saƙin.

“Na ɓata maka rigar babanka,” ya ce.

“Bar ta a nan.”

Na sha shiga tankuna irin wannan bayan ranar. Har yau ina tsoronsu. Hannun Baba Isa ya warke, amma bai daina naɗa ta ba, ni ma ban ce ya daina ba.

Da na kira gida, Inna ta tambaya ko ina sa rigar. Na gaya mata duka, yankan da tankin da hannun Baba Isa.

Sai ta ce, “Ka gaishe mini da mai igiyar.”